Furut ɗin Ƙofar Marusa

Mun bar Suleja ana idar da sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Motar haya ce, irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya a ce musu su gyara. Ni na samu jikin taga saboda furfura, wadda ita ce kaɗai ribar tsufa da na gani zuwa yanzu. Kusa da ni wata mata ce mai goyo, sai wani bawan Allah da ya rungume jakar kwamfuta tun daga tasha har Katsina bai sake ta ba, sai wani dattijo da ya fara barci kafin mu hau babban titi. Ba wanda na sani a cikinsu, ba kuma wanda ya rako ni tasha. Na kulle ɗakina na ba maƙwabciya makulli, na fito da ƙaramar jaka ɗaya.

Masu bibiyar rubutuna sun saba in na yi tafiya in ce biki na je ko suna. Wannan karon bishiya na je gani. A gidan su marigayi maigidana da ke Ƙofar Marusa akwai wata bishiya a tsakar gida, wadda mu muke kira furut, 'yan boko kuma su ce almon. Ita ce mai faffaɗan ganyen nan da rassanta ke fita hawa-hawa kamar lema, ganyen ya yi ja kafin ya zube. Yara su ci tsokar 'ya'yan, su fasa ƙwallon da dutse su ciro ƙwayar ciki. 'Yata ta fari ce ta shuka ta tana 'yar firamare, daga wani ƙwallo da ta tsinto a GRA ta zo da shi a aljihun kayan makaranta. Ta binne shi kusa da wurin wanke-wanke, ya sha ruwan kwanuka ya girma. Yarinyar ta girma ita ma, ta yi karatu, ta yi aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, Ya karɓi abarsa shekarun baya bayan jinya. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Bishiyar nan ce kaɗai abin da nake iya zuwa in tsaya a gabansa.

To magada sun sayar da gidan, wanda ya saya kuma shaguna zai yi. Da labarin ya iso ni, abu ɗaya ya tsaya mini a rai, in samu ƙwallon bishiyar nan ɗanye, da ɓawonsa, in zo in shuka a bayan ɗakina a Suleja kafin a sare ta. Na kira yayar maigidana, wadda ita kaɗai ta rage a gidan, tsohuwa ce da ta girme ni sosai. Yaya nake ce mata. Ita kuma har gobe Amarya take ce mini, duk da ni ma na ajiye aikin koyarwa na karɓi sanda.

Sai dai ban gaya mata abin da nake so ba. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san kunyar ɗan fari. Ba ka faɗin sunansa, ba ka nuna ɗoki a kansa a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. Yarinyar nan tana raye ban kira sunanta a gaban Yaya ba, bakina kuma bai iya koyon sabon abu bayan ta tafi ba. Abin da ya fito daga bakina a waya shi ne, "Yaya, ina marmarin ƙwallon furut ɗin nan. A tara mini, ina nan zuwa." Ta yi dariya ta ce tsufa ya fara mayar da ni yarinya.

Hanyar Kaduna mun same ta yadda kuka san ta, wani wuri sumul har direba ya manta da mu, wani wuri a karkatar da mu hannu ɗaya mu bi bayan tirela muna shan hayaƙi. Kuɗin mota kam ba a magana. Abin da na biya, a da zai kai ni ya dawo da ni har in yi tsaraba. Direban ya ce laifin mai ne, mai jakar kwamfuta ya ce laifin dala ne, dattijon ya farka ya ce laifin zunubanmu ne, ya koma barcinsa. Mai goyon ta yi ta waya da mijinta, duk garin da muka wuce sai ya kira ya ji inda muke. Tawa wayar tana cikin jaka, ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

A Zariya muka tsaya aka sha mai, muka karya da ƙosai mai zafi a takarda. Daga Funtuwa ƙasa ta fara canza kama. Lokacin kaka ne, an yanke gero an jingina, dawa ta sunkuyar da kai, masu rake sun jera a bakin titi. Bishiyoyi suka fara ja da baya da juna, sararin sama ya buɗe. Duk wanda ya daɗe a kudu da Kaduna ya san wannan sauƙin numfashi da ake ji in an doshi gida. A Malumfashi na sayi dafaffiyar gyaɗa, mudun da aka auna mini da shi kuwa ƙarami ne har ya ba ni tausayi.

Wani zai ce ai furut ko'ina akwai shi, a Suleja ma ga shi nan a kowace makaranta. Gaskiya ne, amma ba ɗaya ba ne. Na Suleja ruwa ya yi masa yawa. 'Ya'yansa manya ne, jajaye, tsoka kamar ta mangwaro ƙarami, ka ci bakinka ya yi ja. In ka zo fasa ƙwallon sai ka sha wuya, ɓawon kauri gare shi, ga zare-zare, dutse yana dawowa kamar ka bugi soso. Bayan duk wannan wahala abin da za ka samu a ciki ɗan siriri ne kamar tsinken ashana, wani lokacin ma ba komai sai iska. Na gidanmu kuwa ƙanana ne, rawaya, tsokar ba ta da yawa kuma da ɗan bauri. Amma ɓawon ba kauri, bugu ɗaya a gefe yake rabewa, ƙwayar ta fito gajeriya, cikakkiya, fatarta ruwan ƙasa, cikinta fari a naɗe kamar tabarma, ga maiƙo. Ko iri ne, ko rashin ruwan Katsina ne ya sa bishiyar ta zuba ƙarfinta a ciki, ban sani ba. Na ma san in na shuka shi a Suleja yana iya rikiɗewa ya zama irin nasu. Ban damu ba, in dai ɗan waccan bishiyar ne.

Mun shiga Katsina bayan la'asar ta wajen Ƙofar Ƙaura. Garin ya yi faɗi, ya yi fitilu da gine-ginen da ban sani ba. Na hau a-daidaita zuwa Ƙofar Marusa, mai tuƙin yana tambayata ko baƙuwa ce. Na ce masa tun ba a haifi babansa ba nake bin wannan lungu, ya ce to Hajiya a yi haƙuri. Amma gaskiyarsa, don sai da na wuce ƙofar gidan na dawo. Da can daga bakin lungu ake hango kan bishiyar ta saman katanga, da ita nake gane gidan.

Ina shiga zaure na ga haske ya yi yawa. Tsakar gidan da na sani da inuwa ta zama fili, rana ta kwanta a kan komai. Kusa da wurin wanke-wanke ga kututture, an yanke shi daidai gwiwa, fuskarsa ja-ja, bai ko bushe ba. A gefe an jibge bulo da yashi. Magina sun samu sarari da wuri, shi ne suka zo tun makon da ya wuce. Na tsaya riƙe da jakata. Ban yi kuka ba.

Yaya ta fito daga ɗaki tana dafa bango. Kayanta duk an ɗaure, za ta koma wurin ɗanta.

"Maraba da Amarya. Kun sha tahiya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Yaya. Mun same ku lafiya?"

"Lahiya lau. Ya mutanen Suleja? Ya kaɗaici?"

"Da godiya."

Muka yi ta jan gaisuwa yadda aka saba, ta tambayi 'ya'yana maza da ke Legas da Fatakwal ɗaya bayan ɗaya, na tambayi ƙafarta da idonta. Ba wadda ta kalli kututturen a cikinmu. Ta kawo mini fura mai sanyi, sannan tuwon dawa miyar kuka da man shanu, irin wanda rabona da shi tun rasuwar maigidan. Ina ci ina gaya wa kaina cewa ba komai, ai na ce a tara mini, ƙwallayen suna nan a wani buhu.

Da na wanke hannu sai ta jawo wani babban gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta ajiye a gabana tana murmushi.

"Ga marmarinki nan. Kahin su sare sai da na sa aka kakkaɓe ta tas, ko ɗaya ba a bari ba."

Na buɗe. Ƙamshi ya bugi hancina. Ƙwaya ce zalla, cike har baki, an fasa, an ɓare, an soya da yashi yadda ake soya gyaɗa, an ɗan barbaɗa gishiri. A gidan nan ba a taɓa ba baƙo abu da ɓawonsa ba. Ko gyaɗa ce sai an ɓare, ko rake sai an fere an yanka. Na san haka sarai, ni ma haka aka koya mini a gidan, amma ko kaɗan bai zo mini a rai ba lokacin da nake waya.

Na ce, "Ɓawon fa, Yaya?"

"Mun hura wuta da shi. Yana ci kamar an zuba mishi kananzir."

Na ce an gode, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauki ɗaya na sa a baki don tana kallona. Daɗinsa na nan yadda na sani.

Washegari da hantsi, Yaya ta shiga maƙwabta sallama, na samu tsakar gidan ni kaɗai. Na durƙusa a gindin kututturen ina tona ƙasa da tsinke. Na duba bayan randa, na duba magudanar ruwa, na leƙa bayan katanga inda rassan suke zubar da 'ya'ya a lungu. Yaya mace ce mai shara, ta share gidan nan kamar za a yi biki, abin da ya faɗa lungu kuma awaki sun riga ni. Na samu ƙwallo biyu tsofaffi a cikin magudana, baƙaƙe, marasa nauyi. Na matsa ɗaya da yatsa ya ruguje, ɗayan na girgiza shi a kunne ban ji komai ba. Da wani ya shigo a lokacin, zai ce tsohuwar nan ta yar da ɗan kunne.

Daga nan na ce bari in je GRA, ko Allah zai sa in dace da uwar bishiyar. GRA ta canza ita ma. Gidajen gwamnatin nan masu faɗin fili da gajeren shinge saura kaɗan, yawanci an zagaye su da dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe. Amma bishiyoyin furut suna nan, suna leƙowa ta saman katanga, suna zubar da 'ya'ya a gefen titi ba mai ɗauka. Na yi ta tafiya a ƙasa daga wannan titi zuwa wancan, ina tsinta ina dubawa. Unguwar shiru, ba ka jin komai sai ƙarar janareta da motar da ke wucewa jefi-jefi.

A nan na ga bambanci iri-iri da ban taɓa lura da shi ba. Wata bishiyar a gidan da ake ba fulawa ruwa kullum, 'ya'yanta jajaye ne manya kamar na Suleja. Wata a wani kangon fili da ba mai kula da ita, nata ƙanana ne a ƙanƙance, masu kaifin gefe, ɓawon kamar ƙarfe. Wata rawaya ce irin tamu har na sa rai, na nemi dutse na zauna a bakin kwalbati na fasa, sai ƙwayar ta fito doguwa siririya, ba irin tamu ba. Wani mai gadi ya leƙo ya ga tsohuwa da mayafi mai kyau tana fasa furut a bakin titi, ya gaishe ni cikin ladabi ya koma, na tabbata ya samu labarin ba matarsa.

Ina zaune a wurin na gane cewa ko na ga uwar bishiyar ba zan san ita ce ba. Ban san a wane gida yarinyar ta tsinto ƙwallon ba. Ranar da ta zo da shi tana murna, kakarta ta nuna wa, don ita ce abokiyar hirarta, ni ina gefe ina tankaɗe kamar ban ji ba. Haka ake yi, haka kowa ya yi. Kakar ta rasu, uban ya rasu, ita ma ta tafi. Duk garin Katsina ba wanda zan tambaya. Na juye ƙwallayen da na tara a gindin wata katanga, na kakkaɓe zanena.

A hanyar komawa na biya kasuwa don tsarabar maƙwabta. Na sayi kuka da daddawa da kilishi. Wurin mai dabino na ga almon ɗin da ake kawowa daga waje, wanda alhazai ke kira lauz, a cikin leda mai sheƙi. Shi faffaɗa ne, mai tsini a kai ɗaya, fatarsa da layi-layi, wani da ɓawonsa mai ƙananan huda, wani ɓawon har da yatsa ake murƙushe shi. Mai shagon ya ce yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Da ya faɗi kuɗinsa na ce masa ai wanda ya saya ya riga ya rasa tasa. Ya yi dariya ya ba ni ɗaya in ɗanɗana. Ba laifi, amma shi da namu suna kawai suka haɗa.

Ranar da zan taho na yi niyyar in gaya wa Yaya gaskiya, ko don in sauke abin daga ƙirjina. Da safe muna shan koko, ta miƙo mini kofi sai na ga hannunta da kyau. Babban yatsanta na hagu da manuni sun kumbura, farcen ɗaya ya yi baƙi, ga ƙananan tsaguwa a fatar.

"Yaya, me ya sami hannunki?"

"Dutse ne. Idon ba ya gani sosai, sai in auna ƙwallo in sami yatsa."

"Ke kika fasa duk wannan? Ina yaran maƙwabta?"

Ta kurɓi kokonta, ta kalli wajen kututturen, karo na farko tun zuwana.

"Sun so su taya ni, na hana. Iccen ɗiyarki ne, Amarya. Na san ba kwaɗayi ya taso ki tun daga Suleja ba. Na ce na ƙarshe dai, ni zan hwasa miki da hannuna, ki ci ki ƙoshi."

Ta ambaci sunan yarinyar, ta yi mata addu'a, na ce amin. Ashe duk ta gane, abu ɗaya ne kawai bai zo mata ba, shi ne kuma wanda ban faɗa ba. Na kalli yatsun nan, na mayar da maganata ciki. In na ce mata shuka na so yi, tsohuwar nan za ta tafi gidan ɗanta da wannan a zuciya har ƙarshen ranta. Na riƙe hannun na ce, "Na ci, Yaya, kuma ban taɓa cin mai daɗinsa ba." A nan ne hawayen ya zo, namu mu biyu, ba wadda ta ce wa 'yar'uwarta ta yi shiru.

Ta rako ni har zaure. Ban waiwayi tsakar gidan ba.

Dawowa ba abin labari sosai. Motar ta fi ta zuwa sabunta, direban kuma ya fi na zuwa son gudu, sai da wata mata ta tuna masa cewa mu ba buhunan masara ba ne. Gwangwanin yana kan cinyata tun daga Katsina. Muna wuce Kaduna aka fara yayyafi, ƙasa ta koma kore, na isa Suleja ana kiran magariba. Na karɓi makullina, na raba tsaraba, maƙwabciya ta tambaye ni ya gida, na ce gida lafiya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zo mini a makare. Mutanenmu suna da kara, suna kuma iya karanta shirun mutum, har su yi maka alherin da ba ka roƙa ba. Sai dai duk iya karatunsu ba za su ga ƙasan zuciyarka ba. In abu ya dame ka da gaske, ka buɗe baki ka faɗe shi da sunansa tun da sauran lokaci, ko da kunya za ta kashe ka.

Gwangwanin na sa shi a saman kwaba, na ce ba zan taɓa shi ba, zan riƙa buɗewa dai ina dubawa. To soyayyen abu mai maiƙo ba ya jiran kowa, balle a damshin Suleja. Bayan 'yan makonni na buɗe na ji ƙamshin ya fara juyawa. Ko in ci, ko in zubar, ba na uku. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki da yamma, na zauna ni kaɗai ina ci ɗaya bayan ɗaya, ina yi mata addu'a, har hannuna ya taɓa ƙasan gwangwanin. Na zazzage ɗan gishirin da ya rage a tafin hannu na lashe. Sannan na tashi na wanke gwangwanin na kife shi ya bushe.